Majigi, waya da alli: me na'ura za ta iya yi a ajin yara ɗari?

A wata makarantar sakandare da na taɓa koyarwa a nan Zariya akwai wani ɗaki da kowa ya san shi, amma ɗaliban da suka taɓa shigarsa ba su da yawa. Ƙofar ƙarfe ce da kwaɗo biyu, makullin kuwa yana aljihun shugaban makaranta. A ciki kwamfutoci ne jere bisa tebura, kowace an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Ranar da aka kawo su an yi taro, manyan baƙi sun zo, an ɗauki hotuna. Daga ranar sai ɗakin ya koma kamar ɗakin amaryar da ba ta tare ba. Wata rana na yi ta maza na sami shugaban a ofis.

Na ce, "Yallaɓai, ko za a taimaka mini da makullin nan, in kai 'yan aji shida su sa hannu kafin jarrabawa?"

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Malam, ba ƙi nake yi ba. In ɗaya ta lalace ko ta yi ƙafa, ni za a tuhuma. Kuma ka gaya mini, wa zai sayi man janareta?"

Na fito raina a ɓace, amma da na zauna na yi tunani ban ga laifinsa ba. An ba shi kaya, ba a ba shi kuɗin tafiyar da su ba, ba a ba shi mai gyara ba, ba a koya wa ko malami ɗaya yadda zai sa su cikin darasinsa ba. An sayi doki an manta da harawa. Duk wanda ya yi koyarwa a makarantun gwamnati ya san irin wannan ɗaki, kuma shi ne dalilin da ya sa malamai da yawa ke taɓe baki idan aka ce za a kawo fasahar zamani cikin aji. Ni kuwa ina cikin masu son a kawo ta. Abin da nake jayayya a kai shi ne ta wace ƙofa za ta shigo, da kuma hannun wa za ta fara sauka.

Mutanen Zariya ba baƙin kayan koyarwa ba ne. Kafin kowace na'ura akwai allo, da tawada, da alƙalamin gamba, waɗanda har gobe ake karatu da su a zaurukan cikin birni. Daga baya aka kafa injin ɗab'i a Tukur-Tukur, inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya ta fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da ƙananan littattafan da aka yi Yaƙi da Jahilci da su a shekarun 1950. A wancan zamanin ne motar majigi ke shiga gari-gari, a kafa farin ƙyalle da dare, jama'a su taru su kalli yadda ake tsaftace ruwa ko yadda ake noman auduga. Sai rediyo, sai kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976, wadda ta horar da ɗimbin malamai daga nesa ta hanyar takardun darasi.

Allon nan na katako ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin akwai darasi a jikinsa. Kafintan unguwa ne ke sassaƙa shi, ba ya buƙatar caji, in ya faɗi ba ya fashewa, in an ƙare a wanke a sake rubutu. Amma babban sirrinsa wani ne daban. A makarantar allo kowane yaro yana kan nasa karatun. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na gefensa ya kai Sabbi, kuma malam ba zai wanke wa yaro allo ba sai ya biya ya ji ya iya. Ba a jan kowa gaba don kawai lokaci ya yi. Ajin boko kuwa akasin haka yake: yara tamanin ko ɗari, darasi ɗaya, minti arba'in, wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba sai a haɗu a aji na gaba. Ta haka ake samun ɗan aji uku na ƙaramar sakandare da ba ya iya raba 84 gida 4, ana kuma koya masa aljabara.

Wannan gurbin ne na'ura za ta iya cikewa idan an yi amfani da ita da hankali. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhaja mai suna Mindspark a kan ɗaliban ƙaramar sakandare, aka buga sakamakon a 2019. Manhajar tana fara gwada yaro ta gano ainihin inda ya tsaya, sai ta riƙa ba shi aiki daidai ƙarfinsa, ko da kuwa hakan na nufin komawa baya aji uku. Cikin wata huɗu da rabi yaran da suka yi amfani da ita sun yi wa takwarorinsu fintinkau a lissafi da harshen Hindi. Wato abin da malamin zaure ke yi da allo shi manhajar ta kwaikwaya.

Sai dai labaran da ba su yi daɗi ba sun fi yawa, kuma ya kamata duk mai sa hannu a takardar sayen kwamfutoci ya san su. A 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutarsa mai araha. An gwada shi a wata firamare da ke Galadima a Abuja a 2007, amma bai yaɗu a ƙasar nan ba. Ƙasar Peru ce ta rungume shi hannu bibbiyu, ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci ga yaran karkara. Da masu bincike suka bi makarantu sama da 300 bayan wata 15, sai suka tarar yaran sun iya sarrafa kwamfutar sosai, amma makinsu a lissafi da karatu bai motsa ba. A gida ma, jihar Osun ta raba wa ɗaliban babbar sakandare kwamfutocin hannu a 2013 da sunan Opon Imo, aka yi ta yabawa, amma shirin bai ɗore yadda aka yi fata ba. Abin da ya haɗa waɗannan shirye-shirye shi ne an miƙa na'urar ga yaro kai tsaye, an tsallake malami, an ɗauka ilimi zai fito daga cikinta da kansa.

Ni na'ura a wurina kamar lasifikar masallaci take. Abin da aka faɗa mata shi take ƙara wa ƙarfi. Idan mai karatu ya iya, unguwa duka za ta amfana, idan yana tuntuɓe, unguwa duka za ta ji tuntuɓen. Malamin da ya san darasinsa, in ka ba shi majigi sai darasin ya ƙara armashi. Wanda bai sani ba, sai ya kunna bidiyo ya koma gefe yana danna waya har a kaɗa ƙararrawa. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017, aka ce kusan 22,000 daga cikin 33,000 ba su kai makin da aka yanke ba. An yi ta cece-kuce a kan yadda aka gudanar da ita da korar da ta biyo baya, kuma akwai mutanen kirki da abin ya rutsa da su. Amma ko me mutum zai ce, ta nuna inda gyambon yake, kuma babu kwamfutar da za ta warkar da shi idan ba a bi ta kan malamin ba.

Bari in faɗi abin da na gani da idona. Na yi shekaru ina koyar da yadda zuciya ke harba jini. In zana ta a allo da alli fari da ja, in yi kibiyoyi, in ce ga ɗakuna huɗu, ga ƙofofin da ke buɗewa su rufe. Yara su kwafa, su haddace, su rubuta a jarrabawa, amma in ka dubi idanunsu ka san zanen bai zama zuciya a ransu ba. Wata rana na aro ƙaramin majigi mai batir daga wani abokina a Sabon Gari, muka toshe tagogi da tabarmi, na haska bidiyon minti biyu a jikin bango. Ajin da ko da bulala ba ya yin shiru ya yi tsit. Da ƙofar zuciyar ta buɗe ta rufe, sai wata yarinya a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Malam, wato ƙarar da muke ji ta rufewar ƙofofin ce?" Na ce ita ce. Na tsayar da bidiyon, na koma kan allo, muka yi rabin awa a kan tambayarta. Gani ya kori ji. Amma a lura, bidiyon minti biyu ne kacal, sauran aikin na alli ne da baki, kuma da ban san amsar ba da tambayar ta mutu a wurin.

Irin wannan amfani ba ya buƙatar ɗaki mai kwaɗo biyu. Waya ɗaya a hannun malami, majigi ɗaya da malamai za su riƙa karɓa-karɓa, da faifan sola ɗaya da batirinsa, sun isa. Ya fi tasiri a darussan da makarantunmu ba su da kayan gwajinsu. Makarantu nawa ne a Tudun Wada ko Gyallesu ke da ɗakin gwaje-gwaje mai sinadarai da madubin ƙara girma? Jami'ar Colorado a Amurka tana da tarin gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo da ake kira PhET, kyauta ne, ana iya sauke su a yi aiki da su ba tare da intanet ba. Yaro zai haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila a jikin allon kwamfuta, ya ƙara ƙarfin wuta ya ga ƙwan ya ƙara haske. Bai kai ya taɓa da hannunsa ba, amma ya fi ya haddace dokar da bai taɓa ganin aikinta ba.

Maganar "ba tare da intanet ba" ita ce jigon lamarin a wurinmu. Duk shirin da aka gina shi bisa zaton akwai wuta da data kullum, an gina shi a kan yashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya fi ƙarfin aljihun makarantar gwamnati. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. A farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai sayi data don ya nuna wa yaran wasu bidiyo ba, kuma babu adalci a sa ran zai yi. Abin mamaki, muna da hanyar rarraba kaya ba da intanet ba wadda ta daɗe tana aiki. Je ka kowace kasuwa ka ga masu tura finafinai da wa'azi a memori, ɗan kuɗi kaɗan a cika maka waya. Da ma'aikatar ilimi za ta tattara darussa masu kyau, zango-zango, aji-aji, ta sa a memori ta raba wa malamai, da sun yaɗu daga waya zuwa waya cikin mako guda. Akwai ma manhajoji irin su Kolibri da aka ƙera musamman don kwamfuta ɗaya ta zama rumbun darussa, wayoyin da ke kusa su ɗebo daga gare ta ba tare da kati ba.

Annobar korona ta riga ta koya mana wannan. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, makarantun kuɗi suka koma WhatsApp da Zoom, jihar Kaduna kuma ta sa darussa a rediyo da talabijin. Rediyon ne ya fi isa gidajen talakawa. A gidaje da yawa wayar zamani ɗaya ce, ta maigida ko ta babban wa, kuma da sassafe take fita kasuwa tare da mai ita. In ta dawo da dare, yara maza ne ke fara samu. Yarinya sai ta gama wanke-wanke, sannan a ce mata caji ya ƙare. Duk wanda zai ba da aikin gida ta waya ya tuna da wannan yarinyar tukuna.

Sai batun harshe, wanda masu sayar da na'urori ba su cika son a tayar ba. Mafi yawan darussan da ke intanet da Turanci suke, kuma da lafazin da ko malamin sai ya kasa kunne sosai. Ɗan aji biyu na firamare a Kwarbai wanda bai gama haɗa baƙi da wasali ba, me zai tsinta a ciki? A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft sun ƙaddamar da wani dandalin darussa mai ɗauke da wasu da Hausa, kuma mataki ne mai kyau. Amma abin da ake buƙata ya ninka wannan sau da yawa, kuma ba daga waje zai zo ba. Na san wata malamar firamare da ke naɗar muryarta tana furta ba, bi, bu, tana haɗa su zuwa kalmomi, ta tura wa iyaye mata ta WhatsApp. Uwar da ba ta yi boko ba sai ta kunna wa ɗanta bayan sallar isha'i, su biyun suna bi. Ba ta da ɗakin naɗar murya, ba ta da tallafin kowa. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da tsohuwar kwalejin horar da malamai ta tarayya, da masana Hausa da masana kwamfuta a harabar jami'a ɗaya, bai kamata a ce aikin nan ya rage ga malama ɗaya da wayarta ba. Da kowane ɗalibin koyon malanta zai shirya darasi ɗaya na minti biyar da Hausa a matsayin aikin kammala karatu, malamansa su tace, cikin 'yan shekaru da mun tara abin da zai wadaci Arewa.

Duk da na ce na'ura ta fara sauka a hannun malami, akwai inda dole yaro ya taɓa da kansa, kuma a nan ne ɗakin nan mai kwaɗo ya fi ba ni takaici. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Hukumar ta sauƙaƙa abin, ana iya amsawa da 'yan madannai kaɗan: A zuwa D don zaɓen amsa, N don zuwa gaba, P don komawa baya. Amma yaron da ranar ce ya fara zama gaban kwamfuta, hannunsa rawa yake, yana tsoron ya danna wani abu komai ya goge. Wani ɗalibina mai ƙoƙari ƙwarai ya dawo ya ce mini, "Malam, wallahi na san amsoshin, agogon nan da ke ƙirgawa a sama ne ya ruɗa ni." Minti goman da ya ɓatar yana neman natsuwa tambayoyi 15 ne. WAEC ma ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, alamar inda aka dosa ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Awa ɗaya a mako tun daga aji huɗu ta isa ta cire wannan tsoro, kuma tsofaffin kwamfutoci goma sun isa idan ana buɗe ɗakin.

Wayar ɗalibi a cikin aji kuwa, ra'ayina a kanta ba ya rawa: a bar ta a gida ko a ajiye a ofis. Faransa ta hana ta a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, rahoton UNESCO na 2023 kuma ya ja kunne cewa kasancewar wayar kusa da yaro kaɗai na raba masa hankali. Ban buƙaci rahoto kafin in yarda ba, na ga yadda kai ke sunkuyawa ƙarƙashin benci.

Sabon baƙo shi ne ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya ta kuma yi wa mutum rubutu, ya fito a ƙarshen 2022, aikin gida ya shiga wani hali. Yaron da ba ya iya rubuta jimla uku a gabanka sai ya kawo maka shafi biyu na Turanci mai santsi. Maganin da na samu shi ne in kira shi gaban aji in ce ya bayyana mana sakin layi na biyu da Hausa. Nan take ake gane wanda ya karanta da wanda ya kwafa. Amma ba na ce a yi watsi da ita ba. A 2024 an yi wani gwaji a birnin Benin na jihar Edo tare da Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare suka riƙa koyon Turanci da irin wannan manhaja bayan an tashi, tsawon mako shida, aka kuma ga ci gaba a fili. Yaran bibbiyu suke zama, malami yana tsaye a kansu, shi ke ba da abin da za a tambaya, shi ke nuna musu inda manhajar ta yi kuskure. Domin tana kuskure, kuma cikin gadara take yin sa, musamman a Hausa da tarihinmu. Malami kuma zai iya amfani da ita ya tsara tambayoyin gwaji hawa uku, na masu rauni da matsakaita da masu ƙarfi, cikin minti goma maimakon dare guda, matuƙar zai zauna ya duba kowace tambaya kafin ya kai aji.

Da za a tambaye ni yadda za a kashe kuɗin da aka ware wa makaranta ɗaya, da na ce a rage yawan kwamfutocin da rabi. Abin da ya rage a sayi sola da batir, a ware na gyara na shekara uku, a ɗauki matashi ɗaya daga unguwar, cikin masu gyaran waya, ya riƙa leƙowa duk mako. A horar da malamai a cikin ajinsu, da darasinsu na gobe, ba a otal na kwana biyu da jaka da takardar shaida ba. A kuma rubuta wa shugaban makaranta a takarda cewa na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi wajen karatu ba laifinsa ba ce, wadda za a tambaye shi a kanta ita ce wadda aka tarar sabuwa fil bayan shekara.

Shugaban namu daga baya ya ba ni makullin, bayan ƙungiyar iyaye da malamai ta yi karo-karo ta sayi man wata guda. Muka yaye ƙyallayen. Daga cikin kwamfutoci ashirin, tara ne suka tashi. Sauran ɓeraye sun cinye wayoyinsu, wasu kuma zaman banza ya kashe su. Na raba yaran biyar-biyar a kan kowace, na ce kowa ya rubuta sunansa da na unguwarsu, sannan ya matsa wa na bayansa.